Farfelar Takarda Tana Juyawa, To Sai Me? Amsa Ga Malamar Firamare A Kassala

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Ni malama ce a wata makarantar firamare a Kassala, gabashin Sudan, aji huɗu da biyar nake koyarwa, yawancin ɗalibaina ƴaƴan Hausawa ne. Mun iso darasin ƙarfin iska da injinan da ke aiki da ita. Yaran ba su taɓa ganin irin injin nan da idonsu ba, ba mu da ɗakin gwaji, wutar lantarki kuma sai ta ga dama. Na sa kowa ya yi farfelar takarda, suka yi ta gudu da ita a fili suna murna, amma da na tambaye su abin da suka koya sai suka ce "tana juyawa". Wani yaro kuma ya ɗaure ni da tambaya: me zai hana a sa fanka a gaban injin, injin ya ba fankar wuta, a huta da ɗaukewar wuta har abada? Ta ina zan ɓullo wa darasin nan?

Amsa: Wa alaikumus salam Ustaza, sannu da ƙoƙari, Allah ya ba da lada. Yaran nan gaskiya suka faɗa miki. Farfelar da ba ta ɗauke da kaya ba ta da abin da za ta koyar da ya wuce juyawa. Abin da darasin ke so ya zauna a kan yaro shi ne iska tana iya yin aiki, aikin ana iya auna shi, kuma yadda aka ƙera injin shi ke sa ya yi yawa ko ya yi kaɗan. Saboda haka shawarata ɗaya ce: ki ɗaura wa farfelar kaya. Ta ɗaga wani abu daga ƙasa, yara su ƙirga. Sauran duk abin da zan faɗa a kan wannan ya ratayu.

Kafin a taɓa kwali ko almakashi, ki ba su minti goma su lissafa miki aikin da suka taɓa gani iska ta yi. Za ki sha mamakin yawansa. Ita ke raba dawa da ƙaiƙayi in ana sheƙa. Ita ke busar da shanya. Mafici da ake fifita gawayi da shi in za a dafa jabana, wato gahawa, iska yake turawa. Habub, guguwar ƙurar nan, kuma ba sai an ba su labari ba, sun ga yadda yake yaye rufin rumfa ya kai shi gidan maƙwabta. Ki ƙara musu da wanda ƙila ba su gani ba: jiragen ruwa masu filafilai a Kogin Nilu. Kogin yana gangarawa arewa, iska kuma a yawancin shekara daga arewa take busowa, don haka matuƙa tun zamanin da suke buɗe filafilai iska ta kai su kudu, in za su dawo su naɗe ruwa ya kawo su. Yaron da ya gane wannan ya riga ya gane rabin darasin.

Daga nan sai tambayar daga ina iskar take. Wani zai ce itatuwa ne ke kaɗa ta, tunda duk sanda ya ji iska ya ga reshe yana motsi. Kada ki yi masa dariya, yara da yawa haka suke ɗauka. Wani zai ce Allah ne ke turo ta. Ki ce haka ne, kuma yau sababin da Ya sanya mata za mu duba. Ki ajiye tire biyu a rana tun da safe, ɗaya yashi ɗaya ruwa, bayan awa guda kowa ya sa hannu. Yashi ya yi zafi, ruwa da sauran sanyinsa. Sannan ki yanka takarda ki yi mata zagaye irin na maganin sauro, ki rataye da zare can sama da murhun gawayi, ke kaɗai kike riƙewa, nesa da wuta. Za ta yi ta juyawa, saboda iskar da ta ɗumama tana hawa sama. In ta hau, mai sanyi ta garzayo daga gefe ta maye gurbinta, wannan garzayowar ita muke ji a jikinmu. Mu nan Bur Sudan muna ganin haka kusan kullum: da rana ƙasa ta fi teku zafi, sai iska ta taso daga Bahar Maliya ta shigo gari. Asalin ƙarfin iska dai rana ce.

Yanzu ga injin. Ba ya cin kuɗi, kusan komai a shara za a tsinto shi. Ki cika gorar ruwa da yashi don ta tsaya da gindinta. Ki cire ruwan biro, ki ɗaure bututun a kwance a kan murfin gorar da roba ko salatif. Ki zura sifok na keke ko tsinken tsire mai santsi ta cikin bututun, ya leƙo gaba da baya, yana juyawa ba tare da ya cije ba. A gaba ki soka masa da'irar da kika yanko daga tsohon silifa, faɗinta kamar bakin kofin shayi. Silifa ya fi komai dacewa a nan, don yana riƙe tsinke gam, kuma yana barin a murɗa shi. Fukafukan kuwa kwali ne, kowanne kamar tafin hannu da rabi, a manne shi a tsinke, a soka tsinken a gefen silifan. A baya, ki ɗaura zaren ɗinki a jikin sifok ɗin, ki rataya kofin takarda a ƙarshensa. Ki ɗora gorar a bakin tebur, kofin yana reto a ƙasa. In fukafukai suka juya, zare ya naɗe, kofi ya hau. Kayan da za a zuba a kofin ƙwallon dabino ne ko wake, abin da za a iya ƙirgawa ɗaya bayan ɗaya.

Ga inda nake so ki daure ki yi shiru. Kada ki gaya musu yadda za su karkata fukafukan. Yawanci za su kafa su a shimfiɗe, fuskarsu na kallon iska sosai, don a tunaninsu hakan zai fi kama ta. Iska za ta buso, injin ya yi ta rawa yana neman faɗuwa baya, amma ba zai juya ba. Wasu za su juya su a kaikaice baki ɗaya, iska ta wuce ta tsakaninsu salin alin. Ki bar su su yi ta fama. Can za ki ji ihu daga wani rukuni, wata yarinya ta ɗan murɗa fiffike ɗaya abin ya motsa. Wannan ihun ya fi duk bayanin da za ki rubuta a allo. Sai a lokacin za ki tambaye su: iskar gaba take turawa, me ya sa fiffiken ya tafi gefe? Su kawo amsar da bakinsu, ko da Hausa ne, daga baya ki ba su kalmomin littafi don jarrabawa. Akwai kuma rukunin da zai karkata biyu dama biyu hagu, nasu ya tsaya cak. Kada ki gyara musu, ki kira sauran ajin su zo su gano cutar.

In kowa nasa ya juya, sai gasa: na wa zai ɗaga ƙwallo mafi yawa har saman tebur? Nan rigima za ta tashi, kuma rigimar tana da amfani. Rukunin da ya sha kaye zai ce ai lokacin nasu iska ta kwanta. Sun yi gaskiya. Ki tambayi ajin yadda za a yi adalci. Ko a jera injinan duka a layi ɗaya a gwada lokaci guda, ko a samo fanka mai caji a ja layi a ƙasa kowa ya ajiye nasa a wuri ɗaya. Sannan doka ta biyu: abu ɗaya ake canzawa a kowane gwaji. In kana gwada yawan fukafukai, ba ka taɓa girmansu ko karkatarsu. Ni a wurina yaron da ya fita firamare da wannan ɗabi'ar ya fi wanda ya haddace sunayen sassan inji riba nesa ba kusa ba.

Abin da za su gano shi ne abin da injiniyoyi suka gano. Fukafukai shida ko takwas masu faɗi, da karkata sosai, suna tashi ko da iska kaɗan, suna jan kaya mai nauyi, amma a hankali. Biyu ko uku sirara, da ƴar karkata kaɗan, suna wuyar tashi, amma in suka kama gudu ido ba ya iya bin su. Haka kuma in aka naɗe zaren a kan siririn sifok, kofi zai hau a hankali da kaya mai yawa. In aka zura kwarkwaron zare mai kauri a wurin, zai hau da sauri amma ƙwallo kaɗan zai kayar da shi. To wannan shi ne dalilin da famfon iska na jan ruwa daga rijiya yake da fukafukai rututu, shi kuwa injin ba da wuta yake da uku kacal. Na farko ƙarfin ja yake bukata don ɗaga sandar famfo, na biyu gudu yake bukata. Famfon irin wannan, mai juya kansa ya fuskanci iska, Daniel Halladay ya fito da shi a Amurka a 1854, kuma ba baƙo ba ne a ƙasar nan. An kakkafa irinsa a ƙauyukan Jazira, yankin noman auduga na tsakiyar Sudan, a shekarun 1950 don ruwan sha, daga baya arhar dizal da rashin kayan gyara suka sa aka watsar da su. Ki sa yara su tambayi kakanninsu, musamman waɗanda suka yi aikin auduga a can.

Tarihi kada ya ci miki fiye da kwata na awa. Littattafai sukan fara da hoton Holan, yara su ɗauka Turawa ne suka fara. Tsofaffin injinan niƙa na iska da aka tabbatar da su a yankin Sistan suke, kan iyakar Iran da Afganistan, inda iska ke busowa wata huɗu a jere daga gefe guda. Malaman Musulmi irin su Mas'udi da Istakhri sun bayyana su tun ƙarni na 10, kuma a garin Nashtifan na Iran har yau akwai na laka da itace a tsaye. Holan ta shahara ne saboda ta yi amfani da su wajen kwashe ruwa daga ƙasarta mai kwari, a Kinderdijk akwai guda 19 da aka gina wajen 1740. Wutar lantarki daga iska kuwa sai 1887, lokacin da James Blyth ya haskaka gidansa a Sikotlan.

Sai a darasi na uku ko na huɗu nake so ki shigo da lantarki, bayan sun yarda cewa juyawa aiki ce. Bayanin da ya ishe su: in maganaɗisu ya juya kusa da naɗaɗɗiyar wayar jan ƙarfe, wuta tana gudana a wayar. Shi ke nan. In za ki samu keke mai dainamo, ki kifa shi, yaro ya juya feda da hannu, fitila ta kama, ya daina ta mutu. Ki gaya musu janareton unguwa haka yake, dizal ke juya shi. Madatsar Khashm al-Girba da ke kusa da ku, wadda aka gama a 1964, da ta Marawi da ke kan Kogin Nilu a arewacin Sudan, su ruwa ke juya nasu. Injin iska ɗan gidansu ne, abin da ke juya shi kawai ya bambanta. Wannan zai kuma warkar da wani ruɗani da yara ke yi, na ɗaukar injin iska a matsayin ƙatuwar fanka mai hura iska. Fanka tana cin wuta ta ba da iska, shi yana karɓar iska ya ba da wuta.

In kina so su ga fitila ta kama da iska, ki yi hattara, nan ne malamai da yawa ke jin kunya a gaban aji. Ɗan injin da ke cikin motar wasan yara sai ya yi gudun tsiya kafin ya ba da abin kirki, fukafukan kwali ba za su kai shi can ba. Ki je wurin mai gyaran rediyo ki nemi ɗan injin da ke cikin tsohuwar na'urar faifan bidiyo ko firinta, su sun fi ba da wuta a gudu kaɗan. Ki nemi ɗan ƙwan fitila ja, irin wanda ke nuna na'ura a kunne take, don shi kusan bolt 2 yake bukata, fari kuwa kusan 3. Ƙwan nan ta hanya ɗaya yake karɓar wuta, in bai kama ba ki sauya ƙafafunsa kafin ki yanke ƙauna. In mai gyaran zai ara miki mitarsa ta awon wuta, ya fi, don lamba za ta motsa ko da fitila ba ta kama ba. Ki gwada komai a gida tukuna.

Yaron da ya yi tambayar fanka, ki gaishe min da shi, kansa yana ja. Manya da gemunsu sun ɓata dukiya a kan wannan tunanin. Amsar ita ce a kowane mataki ana asara. Ki kunna fanka ta yi minti goma, ki kashe, ya taɓa bayanta: da ɗumi. Wannan ɗumin wuta ce da ta tafi ba ta zama iska ba. Iskar da ta fito kuma ta bazu ko'ina, kaɗan ce ta bugi fukafukai. Wadda ta buga ɗin ma ba duka injin ke kamawa ba. Wani Bajamushe, Albert Betz, ya lissafa tun wajen 1920 cewa babu injin da zai iya kama fiye da kashi 59 cikin 100 na ƙarfin iskar da ta ratsa shi. Dalilin yana da sauƙi: in ya ƙwace ƙarfin duka, iskar za ta tsaya cak a bayansa ta toshe wa ta gaba hanya, kamar ƙofar masallaci ranar Juma'a, in waɗanda suka fita suka tsaya a bakin ƙofa, na ciki ba su da ta motsi. Sannan janareton ma ya ci nasa rabon. Abin da zai koma wa fankar bai kai abin da ta ci ba, zagaye kaɗan komai ya mutu. In kin haɗa injin mai fitila, ki bar shi ya kwatanta: fanka ƙatuwa guda, da ƙyar ta kunna ɗan ƙwai kamar ƙwayar dawa.

Lissafi biyu ne suka cancanci aji biyar. Na farko, in gudun iska ya ninka biyu, ƙarfinta ba ninki biyu yake yi ba, takwas yake yi: 2 sau 2 sau 2. Shi ya sa ake ɗaga injin sama sosai inda gini da itace ba sa tare iska, shi ya sa kuma ake yin shekara ko fiye ana awo kafin a zaɓi wuri. Manyan injinan suna fara aiki in iska ta kai mita 3 zuwa 4 a daƙiƙa, in ta kai wajen 25 kuma su tsayar da kansu don kada su karye. Wato habub ba abokin injin ba ne, yara sukan yi mamakin jin haka. Na biyu, in tsawon fiffike ya ninka biyu, iskar da yake sharewa ta ninka huɗu. Ki fita da su fili da igiya da turke, a zana da'ira da igiya mai mita 1, a zana wata da mai mita 2, a ga yara nawa kowacce za ta ɗauka a tsaye.

Tunda kuna fili, ki auna musu girman na gaske. A Dumatul Jandal da ke arewacin Saudiyya akwai injina 99 masu ƙarfin megawat 400 gaba ɗaya, sun fara ba da wuta a 2021, kuma da'irar da fukafukan kowanne ke sharewa faɗinta mita 150 ne. Fiffike ɗaya ya haura mita 70. Ki ba su igiya mai mita 10 su shimfiɗa sau bakwai, yaro ɗaya ya tsaya a farko ɗaya a ƙarshe su yi wa juna kira. Ƙila filin makarantar ya ƙare kafin igiyar ta ƙare. A nan gida, a 2021 ne aka shigo da babban inji na farko don kafawa a Dongola, arewacin Sudan, da tallafin UNDP, shirin raya ƙasashe na Majalisar Ɗinkin Duniya, mai ƙarfin kusan megawat 1. Madatsar Marawi megawat 1,250 ce, ki bar su su lissafa irinsa nawa za su kamo ta.

Kada ki sayar musu da iska a matsayin maganin komai, yara suna gane zuƙi. Ba ta cin mai, ba ta hayaƙi, ba ta ƙarewa, amma ba ta da alƙawari. Injin da ke kan tudu, in aka haɗa shekara, kusan kashi ɗaya cikin uku na iyakar ƙarfinsa yake bayarwa. Yana kashe tsuntsaye in an kafa shi kan hanyarsu, kuma gaɓar Bahar Maliya babbar hanyar ƙaurar tsuntsaye ce. Ƙura tana cin sassansa masu motsi. A Sudan inda iska ta fi ƙarfi arewa ne da bakin teku. Mai lambu a Sawagi, yankin lambunan Kassala, da ke son ya huta da sayen dizal, a ganina faifan sola ya fi masa, don ba abin da ke juyawa a jikinsa balle ya lalace. Denmak tana samun fiye da rabin wutarta daga iska, amma ƙasa ce da teku ya kewaye, kuma layukan wutarta a haɗe suke da na maƙwabta, in iska ta kwanta su sayo.

Maimakon ki gaya musu ko unguwarku ta dace da injin iska, su bincika da kansu. A kafa gora doguwa a fili, a ɗaura mata ƙyalle mara nauyi. Kullum da safe da kuma kafin tashi, yara biyu su duba su rubuta: ƙyallen a rataye yake, yana kaɗawa, ko ya miƙe sambal, kuma daga wane gefe iskar ta fito. Ki sa alamar gabas da fitowar rana, kada su ɗauko ta daga alƙibla, don a Kassala alƙibla ta fi kusa da arewa. In kuka yi wata guda lokacin sanyi, kuka sake wani a damina, za su ga iskar ta juya, daga ta arewa busasshiya zuwa ta kudu maso yamma mai kawo hadari. Sannan ki tambaye su: da kuɗin ku ne, za ku kafa inji a nan?

Labarin William Kamkwamba na Malawi yana ƙarfafa yara. Yana ɗan shekara 14, yunwa da rashin kuɗin makaranta sun zaunar da shi gida, ya bi hotunan wani littafin laburare ya haɗa inji da tarkacen keke da bututun roba, ya kunna fitila a gidansu. Ki ba su labarin, amma ki haɗa da gargaɗi, don washegari wani zai hau rufi da wuƙa da gwangwani. Ba yankan kwano ko gwangwani, ba hawa rufi ko itace, ba kusantar wayar wutar gida, ba gwaji in habub ya taso. Ƴan mata su tattare gyale kafin su matsa kusa da fanka.

Ranar gwada su, ki ajiye takarda gefe tukuna. Ki kawo injina uku da kika lalata da gangan: ɗaya fukafukansa a shimfiɗe, ɗaya kin juya fiffike guda baya, ɗaya kin cusa ɗan ƙyalle a bututun biro ya cije sifok. Kowane rukuni ya gano abin da ke damun injin, ya gyara, ya faɗa wa aji dalili, sannan ya ɗaga ƙwallon dabino biyar har saman tebur. Makin ki raba shi biyu, rabi na gyaran, rabi na bayanin.